Yadda Ake Tsara Dokar Kafa Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa

Wanda aka ɗora wa rubuta daftarin irin wannan doka ya fara da shata wa hukumar iyakar aikinta, domin duk inda doka ta yi shiru, jami'i zai cike gurbin da son ransa. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi dokar da ta rushe NSO, hukumar leƙen asirin Nijeriya wadda aka kafa a 1976 bayan kisan Janar Murtala Muhammad, ta raba aikinta gida uku: SSS ta kula da cikin gida, NIA da ƙetare, DIA kuma da harkokin soja. A bi wannan hanya, a rubuta wa kowace hukuma fagenta ƙarara.

Sai batun shugabanci, wanda a ganina nan ne aka fi yin sakaci. A fayyace wanda zai naɗa darakta-janar, da shekarun wa'adinsa, da dalilan da za su halatta tsige shi. A kuma rubuta cewa ba za a saurari wayar ɗan ƙasa ko a shiga gidansa ba sai da takardar izini mai ɗauke da sa hannun alƙali. Dokar Amurka ta 1947 ta hana hukumar leƙen asirinta ta CIA ikon 'yan sanda, ita kuwa Afirka ta Kudu a 1994 ta yi dokar kafa kwamitin majalisa mai sa ido kan hukumominta na leƙen asiri.

A lura da hanyar gyara tun daga farko: sashe na 315 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare waccan doka ta 1986, ba a taɓa ta sai ta hanyar gyaran tsarin mulki.