Yadda Za Ka Tattara Tarihin Mahaifiyarka Idan Ma'aikaciyar Jinya Ce

Duk wanda aka ce ya faɗi wani abu a kan mahaifiyarsa da ta rasu, kalmomi uku ne suke fara zuwa bakinsa: mai haƙuri, mai ibada, mai zumunci. Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai jikan da aka haifa bayan rasuwarta ba zai san kakarsa daga waɗannan kalmomi ba, domin kakar kowa ma haka ake faɗa a kanta. Tawa mahaifiyar, Allah ya ji ƙanta, nas ce, ta yi aiki a ɗakin yara da ɗakin haihuwa har ta yi ritaya. Da ta rasu, ni 'yan'uwana suka ɗora wa aikin tattara tarihinta. Ga hanyar da na bi.

Fara da wayarta, tun kafin ka ɗauki biro. Komai zai iya jiranka ban da ita. WhatsApp kan goge asusun da ya yi kimanin kwana 120 ba a buɗe shi ba, kamfanonin waya kuma sukan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. Ka kwashe saƙonnin muryarta, har da waɗanda kake ganin ba su da amfani, irin su "ka iso lafiya?" da "ka sha maganin nan?" Nan gaba su za ka fi nema. Ka roƙi 'yan'uwa su turo maka nasu, ka adana a wuri biyu, kwamfuta da intanet. Ka kuma kwafe lambobin da ke cikin wayar, don a nan za ka sami mutanen da za ka nema na gaba.

Waɗannan mutanen su ne abokan aikinta. 'Ya'yan nas rabin rayuwarta kawai suka gani. Mun ga fitarta cikin fararen kaya, mun ga dawowarta ƙafa a kumbure. Abin da ya faru tsakanin fita da dawowa yana bakin matan da suka yi aikin dare tare da ita, kuma yawancinsu sun manyanta. Su za ka fara zuwa wa, kafin kawu, kafin gwaggo. Ka je da ƙafarka, kada ka tsaya a kiran waya. Zuwan kansa ma lada ne: ya zo a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya ci gaba da aika wa ƙawayen Nana Khadija kyauta bayan rasuwarta.

Idan ka zauna da tsohuwar abokiyar aikinta, kada ka ce, "Mama, wace irin mace ce ita?" Amsar da za ka samu ita ce "mutuniyar kirki, Allah ya gafarta mata," shi ke nan hira ta mutu. Ka yi tambayar da za ta mayar da ita cikin ɗakin marasa lafiya. "Mama, wane dare ne ba za ki manta ba a aikinku tare?" "Me take yi idan jijiyar yaro ta ɓuya?" "Me ya fi ɓata mata rai a wurin ɗalibai?" "Wa ya koya mata aiki?" Ka nemi izini ka kunna rikoda, sa'annan ka yi shiru. Tsoho yakan yi jim kafin ya faɗi abin da ya fi muhimmanci, mai gaggawa kuwa a daidai nan yake katse shi.

Da irin wannan tambaya na ji abin da ban taɓa sani ba. Wata da suka yi aiki a ɗakin yara ta ce kafin Ummanmu ta taɓa jariri sai ta murza tafukanta sun yi ɗumi. Idan za a sa ƙarin ruwa, takan ce wa uwar ta juya fuskar yaron zuwa ƙirjinta, ta yi bisimilla a hankali, sai ta soka. Kuma ba ta yarda da ƙirga bugun zuciyar jariri na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu ba, sai ta cika minti guda cif, domin bugun jariri ba ya tafiya daidai. Ɗalibar da ta rubuta lamba a kati ba tare da ta auna ba, ranar sai ta yi kuka. Daga nan na gane amfanin agogon nan da ke cikin akwatinta, wanda ake maƙalawa a ƙirji, fuskarsa a kife: mai shi takan duba lokaci hannuwanta biyu suna kan aiki, wuyan hannunta kuma babu abin da zai hana wanki. Sakin layi ɗaya a kan wannan agogo ya fi shafi guda na yabo.

Sai takardu. Satifiket na makarantar jinya, lasisin aiki, takardar ɗaukar aiki, ta canjin wuri, ta ƙarin girma, ta ritaya. Ka samu babbar takarda ka raba ta gida uku: shekara, abin da ya faru a wurin aiki, abin da ya faru a gida. Za ka sha mamaki idan ka jera su. Ni a nan na ga cewa shekarar da ta haifi ƙanena ita ce shekarar da ta zauna jarrabawar unguwarzoma, ba ta kuma taɓa faɗa mana ba. Inda takarda da baki suka saɓa, ka bi takarda a kan kwanan wata, ka bi baki a kan dalili. Hotuna kuwa a yi musu sikanin, ƙananan a kan 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto da ake zaɓa a na'urar sikanin), a rubuta sunayen mutane a bayansu da fensir, don tawadar biro takan huda ta ɓata fuska.

Akwai iyakar da ba a tsallakewa. Nas ta san ciwon da mutum ya ɓoye wa matarsa, ta san cikin da ya zube ba a faɗa ba. Ta tafi da wannan amana kabari, kai ma ba ka da ikon buɗe ta. Idan ka sami ɗan littafinta mai sunayen marasa lafiya, kada ya shiga tarihin, kada ya hau Facebook. Labarin da abokiyar aikinta ta ba ka, ka cire suna da duk alamar da za a gane mai shi. Idan cirewar ta gagara, ka bar labarin, komai daɗinsa.

Ɓangaren addini ne ya fi saurin zama wa'azi a hannun mai rubutu, a ajiye marigayiya gefe a shiga jero ayoyi. Ka rubuta abin da ido ya gani. Ina take sallar asuba idan tana aikin dare? Tamu a lungun ɗakin ajiyar magani take shimfiɗa ɗankwali, bayan ta bar wata nas tana kula da gadajen. Ka buɗe Alƙur'aninta ka duba inda gefen takarda ya fi yin duhu saboda yawan taɓawa. Idan Kirista ce, ka duba ayoyin da ta ja wa layi a Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin da take rerawa tana aiki. Ka tambaya me take faɗa wa wanda ajali ya zo masa, da yadda take yi da majinyacin da ba addininsu ɗaya ba. Ummanmu, idan aka yi mata gorin matar aure da kwana a asibiti, amsarta ɗaya ce: Rufaida al-Aslamiyya, wadda ke da tanti a masallacin Madina, inda aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu jinya bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ. Na sa wannan don daga bakinta ya fito. Hadisin da za ka kawo da kanka kuwa, ka kai wa malami ya tabbatar maka da ingancinsa tukuna.

A cikin gida, ka zauna da kowa shi kaɗai. Idan aka taru, babba ne yake magana, sauran su yi ta gyaɗa kai. Yayarmu ta san uwa matashiya mai zafi, autanmu ya san tsohuwa mai lallashi, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Baba ma ka ba shi lokacinsa, shi ya san ranakun da ta dawo ta kasa magana. Wani zai ce ya daɗe yana jin haushin ranakun bikin makaranta da ba ta zo ba saboda aiki. Idan ya yarda, ka rubuta. An hana zagin mamaci, amma cewa tana da faɗa a kan wanke hannu, ko ba ta iya ba da haƙuri da baki sai dai da aiki, wannan ba zagi ba ne. Rigimar dangi da za ta tayar da tsohon miki ita ce za ka bari.

Wajen rubutawa, kada ka yi burin babban littafi, shafi goma zuwa ashirin sun isa. Maganarta ka bar ta yadda take faɗinta, kada ka gyara mata harshe, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ka sa wa kanka ranar gamawa, in ba haka ba aikin zai kwana a aljihun tebur. Idan babu ranar da ta fi maka, ga 12 ga Mayu, ranar ma'aikatan jinya ta duniya, wadda aka ɗauko daga ranar haihuwar Florence Nightingale, Baturiyar da ta aza harsashin aikin jinya na zamani, a 1820.

Kafin ka buga, ka karanta wa Baba da abokan aikinta da babbar murya, su gyara maka sunan ɗaki, muƙami da shekara. A ƙarshen kowane labari ka rubuta wanda ya ba da shi da ranar da ya bayar. Ka buga kwafi a takarda ga kowane ɗa da kowace tsohuwar da ta ba ka lokacinta, ka kuma bar shafuka biyu ko uku babu rubutu a baya, domin da zarar an fara karantawa za a kira ka da labaran da ba a tuna ba a zaman farko.