Yadda ake saita Frame Relay a kafar WAN ta rauta

Frame Relay, fasahar haɗa ofisoshi masu nisa da juna (WAN) ta layin kamfanin sadarwa, ta tsufa. Kamfanonin sadarwa sun koma MPLS da faiba, Cisco ma ta cire ta daga jarrabawar CCNA tun 2016. Duk da haka tsofaffin rauta irin su 1841 da 2811 ba su ƙare ba, kuma wanda ya iya Frame Relay ba ya shan wahalar gane abin da ya gaje ta.

A ce babban ofis yana Bompai, ma'ajiyar kaya tana Sharada, ga kuma shago a Kantin Kwari. Kowane wuri waya ɗaya yake da ita zuwa kamfanin sadarwa. A cikin na'urorinsu ne ake yanka hanyoyi na dindindin, wato PVC, daga Bompai zuwa kowane reshe. Kowace hanya tana da lambar da ake kira DLCI. Wannan lamba ta ƙofarka ce kawai, tsakaninka da kamfanin: Bompai na iya kiran hanyar Sharada 102, Sharada kuma ta kira wannan hanyar 201. Ba sai sun zo ɗaya ba, kuma kamfanin ne ke ba da su.

Saboda haka kafin ka taɓa madanni, ka karɓi abu huɗu a rubuce daga kamfanin: DLCI na kowane gefe, irin LMI da suke aiki da shi (saƙonnin da ke sanar da rauta halin hanyoyin), CIR na kowace hanya (gudun da kamfanin ya yi alkawarin ba ta), da gudun layin kansa.

Fara da waya. Katin WIC-1T ko WIC-2T yana shiga rauta, kebul ɗin V.35 ya haɗa shi da modem ɗin kamfanin. Rautarka ita ce DTE, wato gefen da ke karɓar agogo (siginar da ke daidaita gudun layin) daga modem; gefen da ke ba da agogon shi ake kira DCE. Buga `show controllers serial 0/0/0`, zai nuna maka irin kebul ɗin da ko agogo yana zuwa. In rauta biyu ka haɗa kai tsaye don koyo, gefen DCE ne ake sa wa `clock rate 64000`. Ka ɗaure kusoshin kebul ɗin sosai, domin kan V.35 yana da nauyi, yana saki a hankali. Ƙurar hunturu tana shiga fil-fil ɗinsa, kuma da damina tsawa kan bi ta layin waje ta ƙona kati in ba a binne wayar ƙasa yadda ya kamata ba.

Kafar siriyal ta Cisco da wani tsarin dabam mai suna HDLC take tashi, dole a sauya ta:

```
interface Serial0/0/0
 no ip address
 encapsulation frame-relay
 no shutdown
```

In rautar ɗaya gefen ba ta Cisco ba ce, ka rubuta `encapsulation frame-relay ietf`. A nan mutane ke cakuɗa abu biyu. Wannan umarni yarjejeniya ce tsakanin rauta da rauta, daga Bompai har Sharada. LMI kuwa hira ce tsakanin rautarka da na'urar kamfanin kaɗai. Iri uku ne: cisco, ansi da q933a. Na farko yana bin DLCI 1023, sauran biyun suna bin DLCI 0. Tun daga IOS 11.2 (IOS ita ce manhajar rautar Cisco) rauta tana gano irin da kanta, amma in kamfanin ya faɗa maka, rubuta shi da hannu ya fi kwanciyar hankali: `frame-relay lmi-type ansi`.

Yanzu a raba kafar, kowane reshe da ƙaramar kafarsa:

```
interface Serial0/0/0.102 point-to-point
 ip address 10.0.12.1 255.255.255.252
 bandwidth 128
 frame-relay interface-dlci 102
```

Haka za ka yi wa Kantin Kwari da .103 da wani rukunin adireshi dabam. A Sharada kuma adireshin 10.0.12.2 ne, DLCI 201. Ka lura sosai wajen rubuta `point-to-point`: in ka yi kuskure ka sa `multipoint`, gogewa kaɗai ba ta isa ba, sai an sake kunna rautar kafin lambar ta karɓi sabon nau'i. Shi `bandwidth` ba ya rage gudu ko ƙara shi. OSPF da EIGRP, tsarukan da rauta ke musayar labarin hanyoyi da su, su ne ke lissafi da shi, kuma in ka bar shi za su ɗauka layin mai kilobit 1544 ne.

Ana iya zuba dukkan rassa a kan kafa ɗaya da rukunin adireshi ɗaya, amma ba shawarar da za a ba mai farawa ba ce. EIGRP ba ya mayar da labarin hanya ta kafar da ya ji shi, don haka Sharada za ta ga Bompai amma ba za ta taɓa ganin Kantin Kwari ba. OSPF kuma ba zai nemo maƙwabta da kansa ba. In dole ce ta sa, to taswira ita ce `frame-relay map ip 10.0.0.2 102 broadcast`: adireshin na can ne, DLCI naka ne. Wanda ya manta `broadcast` zai ga ping yana tafiya lafiya lau, amma teburin hanyoyi fayau.

Wajen neman matsala, a bi daga ƙasa. In `show interfaces serial 0/0/0` ya ce down da down, waya ce ko modem. In kafa tana up amma line protocol yana down, duba `show frame-relay lmi`. Rauta tana aika tambaya duk daƙiƙa 10, a ta shida kuma ta nemi cikakken bayanin hanyoyi. In adadin da aka aika yana hawa, na amsa yana tsaye, to LMI bai dace ba ko kamfanin bai buɗe layin ba. Ka ba shi minti guda bayan kowane gyara kafin ka yanke hukunci.

Sai `show frame-relay pvc`. ACTIVE na nufin hanya ta haɗu har can. INACTIVE na nufin naka gefen lafiya, matsalar tana reshe, sau da yawa ma wuta aka ɗauke ba a tayar da janareta ba, don haka kira su kafin ka sauya komai. DELETED na nufin na'urar kamfanin ba ta san wannan DLCI ba: ko ka rubuta lambar ɗaya gefen, ko su ba su shigar da ita ba. Sai komai ya zama ACTIVE sannan za a duba `show frame-relay map` da adireshi.

Akwai ciwon da ba ya fitowa sai aiki ya kankama. Layin Bompai E1 ne mai kilobit 2048, na Sharada 256, CIR kuma 128. Bompai za ta riƙa watso kaya da cikakken gudunta, kamfanin ya sa wa abin da ya haura CIR alamar DE, wato wanda za a iya zubarwa, cunkoso na zuwa a zubar da shi. Za ka ga lambobin FECN da BECN, wato alamomin cunkoso, suna hawa a `show frame-relay pvc`. Maganin shi ne `frame-relay traffic-shaping` a babbar kafa, sannan:

```
map-class frame-relay RESHE
 frame-relay cir 128000
 frame-relay bc 16000
 frame-relay adaptive-shaping becn
```

A ƙarƙashin `frame-relay interface-dlci 102` sai ka rubuta `class RESHE`. Kowace hanya sai an ba ta nata ajin, domin da zarar an kunna wannan tsari, duk PVC da ba ta da aji tana faɗawa kilobit 56. Da ka gama, buga `copy running-config startup-config` tun kafin a ɗauke wuta.