Yadda ake gano cutar da ke tsakiyar ƙirji: daga duban mara lafiya zuwa karanta hoto

Tsakanin huhun dama da na hagu akwai wani fili da likitoci ke kira midiyastinam. Zuciya na ciki, da manyan jijiyoyin jini, da bututun iska, da bututun abinci, da kaluluwa masu yawa, da jijiyoyin saƙo. Ƙashin ƙirji ya tare shi ta gaba, ƙashin baya ta baya, tantanin da ya raba ƙirji da ciki ta ƙasa, ta sama kuma a buɗe yake zuwa wuya. Wuri ne matsattse, duk abin da ya kumbura a cikinsa sai ya danne na kusa da shi. Shi ya sa mara lafiya yakan zo da kukan wani abu dabam: murya ta dushe, abinci ya ƙi wucewa, fuska ta kumbura. Wanda ya san abin da ke zaune a kowane sashe, da ya gano inda matsalar take ya riga ya yi rabin aikin gano ko mece ce.

Fara da yatsa a kan ƙashin ƙirji

Sa yatsa a ramin da ke gindin wuya, ka gangara kamar santimita 5. Za ka ji wani ɗan tudu a kwance, inda ɓangaren sama na ƙashin ƙirji ya haɗu da na tsakiya. Haƙarƙari na 2 a nan yake manne, don haka daga nan ake fara ƙirga haƙarƙari. Idan aka ja layi daga tudun nan zuwa baya, zai faɗa tsakanin ƙashin bayan ƙirji na 4 da na 5. A daidai layin ne bututun iska ke rabuwa biyu, a nan kuma lanƙwasar ayota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, ke farawa ta kuma ƙare.

Abin da ke saman layin shi ne sashen sama. Na ƙasansa an raba shi uku, zuciya ce ma'auni. Sashen gaba ɗan siriri ne tsakanin ƙashin ƙirji da jakar zuciya, babu komai a ciki sai kitse da kaluluwa da ragowar tayimos, wata halitta da ke da girma ga yara, ta riƙa motsewa bayan balaga. Sashen tsakiya zuciya ce da jakarta da gindin manyan jijiyoyi da manyan rassan bututun iska. Sashen baya kuwa nan bututun abinci ke sauka, tare da ayota mai gangarawa da jijiyoyin saƙo da ke bin gefen ƙashin baya.

Kafin hoto, kawar da masu kisa nan take

Abubuwa huɗu ne ba sa jira, kuma ana zarginsu ne a bakin gado.

Iska mai matsi a kogon huhu. Mara lafiya na haki, jini ya faɗi, gefe ɗaya na ƙirji ba a jin shigar numfashi, jijiyoyin wuya sun cika, daga baya bututun iska ya karkata zuwa gefen da ke lafiya. Kada a tura shi ɗaukar hoto. A soka babbar kanula, wato allura mai bututu, tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5, gaba kaɗan da layin tsakiyar hammata, ko tsakanin na 2 da na 3 a layin tsakiyar ƙashin wuya, a bi saman haƙarƙarin ƙasa domin jijiyoyin jini na bin ƙarƙashin kowane haƙarƙari. Bayan nan a sa bututun ƙirji.

Taruwar jini ko ruwa a jakar zuciya. Jakar ba ta miƙewa da sauri, don haka mililita 150 zuwa 200 kacal, idan suka taru lokaci guda, sun isa su hana zuciya cika. Jini ya faɗi, jijiyoyin wuya su cika, bugun zuciya ya yi nisa a kunne. Na'urar sikanin ce ke nuna shi cikin minti ɗaya. Hoton ƙirji na iya fitowa lafiya lau.

Tsagewar bangon ayota. Ciwo ne mai zuwa farat ɗaya, kamar ana yaga abu, yana ratsawa tsakanin allunan kafaɗa. A auna jini a hannu biyu: bambancin da ya wuce 20 abin tsoro ne. Kuskuren da ke halaka mutane a nan shi ne ɗaukarsa a matsayin toshewar jijiyar zuciya a ba da maganin tsinka jini. Abin da ake nema shi ne a rage ciwo, a sauko da bugun zuciya zuwa wajen 60 a minti, lambar sama ta hawan jini ta dawo tsakanin 100 da 120, a gaggauta siti-sikan, hoton da ke nuna cikin jiki yanka-yanka.

Fashewar bututun abinci. Herman Boerhaave, likitan birnin Leiden na ƙasar Holan, shi ya fara bayyana ta a 1724. Mutum ya yi amai mai ƙarfi, sai ciwon ƙirji ya biyo, sai a taɓa gindin wuya a ji iska na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata. Takan faru kuma bayan an zura na'urar leƙa ciki. Abin da ke cikin tumbi ya zube a tsakiyar ƙirji, wurin ya ruɓe cikin awanni. A hana ci da sha, a sa ruwa, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta mai faɗin aiki ta jijiya, a kira likitan fiɗa. Idan za a yi hoton haɗiya, a fara da ruwan haskawa mai narkewa a jiki kafin a yi tunanin bariyom, ruwan haskawar da ba ya narkewa. Gyaran da aka yi cikin awa 24 ya fi na bayansa nasara nesa ba kusa ba. Irin wannan ruɓewar na iya gangarowa daga ruɓaɓɓen haƙori ko marurun maƙogwaro, saboda babu abin da ya raba wuya da tsakiyar ƙirji. Mai kumburin muƙamuƙi da zazzaɓi da ya fara kukan ƙirji, a ɗauke shi da gaske.

Tantance hoton kansa

Yawancin abin da ake kira faɗaɗar tsakiyar ƙirji laifin ɗauka ne. Hoton da ake dogara da shi shi ne wanda mutum ke tsaye, ƙirjinsa manne da allon ɗauka, hasken ya fito ta bayansa daga nisan santimita 180. Wanda aka ɗauka a kan gado, ta gaba, yana ƙara wa zuciya da jijiyoyi girma. Sai a duba ko mutum ya murɗe: bakin ƙasusuwan wuya biyu su kasance nisa ɗaya daga tsinin ƙashin baya. A ƙarshe a ƙirga haƙarƙari. In ba a ga 6 ta gaba ko 9 zuwa 10 ta baya a saman tantanin ciki ba, bai ja numfashi sosai ba, komai zai fito a cunkushe.

Idan hoton ya yi, a auna. Faɗin tsakiyar ƙirji a daidai ƙullin ayota bai kamata ya wuce santimita 8 ba. Faɗin zuciya kada ya haura rabin faɗin ƙirji. Siririn layin da ke gefen dama na bututun iska kada ya kai milimita 4 a kauri. In ya yi kauri, kaluluwa ake fara zargi. Bututun iska ya ɗan karkata dama a daidai ayota ba laifi ba ne. In ya karkata sosai, a tambayi kai: tura shi aka yi ko jawo shi? Ƙari da ruwa mai yawa da iska turawa suke, huhun da ya motse ko ya yi tabo jawowa yake.

Ga jarirai da ƙananan yara, tayimos kan fito kamar filafilan jirgin ruwa a gefen dama. Halitta ce. An sha tayar wa iyaye hankali a kanta ba gaira ba dalili.

Gano sashen da ƙarin yake

Da farko a tabbatar daga tsakiyar ƙirji ya fito. Irin wannan ƙarin gefensa sumul yake, gindinsa mai faɗi, yana haɗuwa da huhu a kwance, kuma ba a ganin rassan iska a cikinsa. Na huhu gefensa kan yi gatsa-gatsa, ya haɗu da tsakiyar ƙirji da kusurwa mai tsini.

Sannan a yi aiki da wata ƙa'ida mai sauƙi: abu biyu masu nauyi iri ɗaya idan suka taɓa juna, iyakar da ke tsakaninsu takan ɓace a hoto. Ƙarin da ya shafe gefen zuciya yana gaba ko tsakiya. Wanda ake ganin gefen zuciya tangaran ta cikinsa, amma ya shafe layin ayota mai gangarawa ko ya ture layin gefen ƙashin baya, yana baya. Idan ana hango jijiyoyin gindin huhu ta cikin ƙarin, ba daga gindin huhu ya fito ba, gabansa yake ko bayansa. Wanda kuma aka ga iyakarsa ta sama a fili sama da ƙashin wuya, a baya yake, domin huhu ya fi hawa sama ta baya. Na gaba iyakarsa kan narke ta shige wuya. Hoton gefe na warware sauran shakka: filin duhu da ke bayan ƙashin ƙirji yakan cike idan ƙarin na gaba ne.

Abin da kowane sashe ke haifarwa

A gaba abu huɗu ne suka fi yawa, shekarun mara lafiya ne ke taimakawa wajen rarrabe su. Wanda ya haura 40, timoma ce a sahun farko, wato ƙarin tayimos. Kusan kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na masu ita suna da cutar raunin tsoka mai suna mayasiteniya, don haka a tambaya ko fatar ido na faɗuwa da yamma, ko ana ganin abu biyu-biyu, ko muƙamuƙi na gajiya wajen tauna. Matashi mai zazzaɓi da gumin dare da ramar da ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a wata 6, limfoma, wato sankarar kaluluwa, ce abin tunani. A laluba wuya da hammata, domin kaluluwar da ke waje ta fi sauƙin cirewa a gwada. Saurayi mai babban ƙari a gaba a yi masa gwajin jini na AFP da hCG, sinadaran da wasu ƙari ke fitarwa, a kuma duba marainansa, saboda ƙarin ƙwayoyin haihuwa. Teratoma, wadda ke cikin wannan dangi, siti-sikan kan nuna kitse da ƙashi har da haƙori a cikinta. Na huɗu maƙoƙo ne da ya gangaro bayan ƙashin ƙirji yana ture bututun iska gefe.

A tsakiya kaluluwa ce kan gaba: tarin fuka, sakoyidosis, limfoma, ko sankarar huhu da ta yaɗu. Tarin fuka ya fi kumbura gefe ɗaya, musamman ga yara da masu ƙanjamau. Sakoyidosis, wata cuta mai kumbura kaluluwa da huhu, kan kama gindin huhu biyu daidai wa daida. Akwai kuma ƙullutu masu ruwa da ake haihuwar mutum da su, da kumburin ayota.

A baya, mafi yawa ƙarin jijiyoyin saƙo ne: marasa illa sosai ga manya, amma ga ƙaramin yaro a yi zargin sankarar jijiyoyin saƙo mai suna nurobilastoma. Tarin fukan ƙashin baya kan tara mugunya a gefen ƙashi, a ga ƙashin ya cinye. Idan aka ga inuwa a bayan zuciya mai layin ruwa da iska a kwance, galibi tumbi ne ya kutso sama ta ƙofar bututun abinci.

Alamomin jiki ma taswira ce. Dushewar murya na nuna an taɓa jijiyar maƙogwaro ta hagu, wadda ke zagayowa ta ƙarƙashin lanƙwasar ayota. Tantanin ciki ya ɗaga a gefe ɗaya, jijiyar da ke motsa shi ce ta mutu. Fatar ido ta sauko, ƙwayar ido ta ƙanƙance, gumi ya ɗauke a rabin fuska, matsalar na can sama kusa da ƙashin baya. Fuska da hannaye su kumbura, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa a ƙirji, abin ya tsananta in an sunkuya, babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai ce aka danne, kuma sankarar huhu da limfoma ne suka fi jawo haka. Ana iya sa mara lafiya ya ɗaga hannayensa biyu sama na minti 1. In fuska ta cika ta yi ja ko numfashi ya sarƙe, ƙofar ƙirji ta sama a cushe take.

Kurakurai uku kafin ɗaukar nama

Kada allura ta shiga wani ƙari a tsakiyar ƙirji sai an yi siti-sikan da ruwan haskawa ta jijiya. Kumburarriyar ayota da ƙari kamanninsu ɗaya a hoton ƙirji, soka ta kuwa ajali ne.

Kada a ba da sitiroyid don rage kumburi kafin a ɗauki nama, sai dai in numfashi na neman yankewa. Maganin yana narkar da ƙwayoyin limfoma har mai duba nama ya kasa gane irinta, alhali magani ya dogara ne ga sanin irin.

Na ukun ya fi su ban tsoro domin mara lafiya na iya shigowa da ƙafarsa. Mai babban ƙari a gaba, in an kwantar da shi rigingine aka ba shi maganin barci, tsokokin da ke riƙe ƙirji a buɗe sukan saki, ƙarin ya faɗa kan bututun iska da zuciya. Bututun numfashi ma ba lallai ya cece shi ba idan matsewar na ƙasa da bakinsa. A tambaye shi tun farko: kana iya kwanciya rigingine ba tare da tari ko sarƙewa ba? In ya ce a'a, ko siti-sikan ya nuna bututun iska ya matse da fiye da rabi, a ɗauki naman da allurar kashe wuri kawai, yana a kishingiɗe, yana numfashi da kansa, likitan barci kuma ya ga hoton da idonsa kafin a shiga ɗakin tiyata.