Yadda Ake Kimanta Darajar Gida Ba Tare Da Aikin Ya Cinye Maka Lokaci Ba

Mai kimanta darajar gidaje da filaye abu biyu ake jira daga wurinsa: adadin da ya tsaya a kai, da ranar da ya yi alkawarin miƙa rahoto. Banki na jiransa kafin ya saki lamuni, magada na jiransa kafin a raba dukiya, wani lokaci kotu ce ke jira. In ya yi gaggawa ya faɗi adadin da ba shi da tushe, ya cuci wani. In ya tsaya jan ƙafa, ciniki ya watse. A ganina yawancin lokacin da ke salwanta a wannan sana'a a wurin komawa baya yake tafiya: a sake zuwa gida don an manta awon ɗaki ɗaya, a sake rubuta rahoto don ba a fahimci abin da mai aikin yake so ba tun farko. Wanda ya bi aikin daki-daki, shi ke samun sararin tsayawa a wurin da ya cancanci a tsaya.

Da farko, san abin da ake nema

Kada ka ɗauki tef ɗin awo kafin ka sami amsar waɗannan tambayoyin. Wa zai yi amfani da rahoton, kuma me zai yi da shi? Darajar wace rana ake so? Wane haƙƙi ake kimantawa, cikakkiyar mallaka ko haya mai wa'adi? Gida ɗaya yana iya samun adadi daban-daban gwargwadon amsar. Kamfanin inshora kuɗin sake gina gidan yake son sani, ba ruwansa da filin, domin fili ba ya ƙonewa. Banki kuwa darajar kasuwa yake nema.

Darajar kasuwa tana da ma'ana tsayayya a ƙa'idojin kimantawa na duniya da hukumar IVSC ke fitarwa: adadin da ake sa ran kadara za ta sauya hannu a kansa a ranar da aka ƙayyade, tsakanin mai saye da mai sayarwa da kowanne ya yarda don kansa, babu wata alaƙa tsakaninsu, bayan an tallata ta yadda ya kamata, kowa ya san abin da yake yi, kuma ba a tilasta wa kowa ba. Ka riƙe kowane yanki na wannan jimla, za ka buƙace shi a gaba.

Duk abin da kuka yarda a kai, a rubuta shi, har da ladan aikinka da ranar miƙawa. Cibiyar RICS ta Birtaniya, ƙungiyar ƙwararrun masu awo da kimanta kadarori wadda aka kafa a Landan a 1868, tana wajabta wa mambobinta su rubuta sharuɗɗan aiki da wanda ya ba su aikin. Kuma kada ladanka ya dogara da adadin da ka fitar. A Amurka, bayan durƙushewar bankunan ajiya da lamuni a shekarun 1980, an yi doka a 1989 da ta sa jihohi su riƙa ba masu kimantawa lasisi, kuma ƙa'idojinsu na USPAP sun haramta karɓar aikin da aka riga aka yanke adadinsa. Idan wanda ya kira ka ya fara da cewa "muna so ya kai kaza", ka gaya masa cikin ladabi cewa adadin daga bincike zai fito. In ya nace, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tara takardu kafin ranar ziyara

Nemi takardar mallaka, taswirar fili, zanen gini da izininsa, yarjejeniyar haya in akwai 'yan haya, da bayanin duk wata jingina ko ƙara da ke kan kadarar. Aika jerin gaba ɗaya a saƙo guda, ranar da aka ba ka aikin, kuma ka faɗa a fili cewa wa'adin miƙa rahoto zai fara ƙirguwa ne daga ranar da takardun suka cika. Wannan jimla kaɗai tana raba ka da jayayya mai yawa.

Ziyara guda ɗaya, amma cikakkiya

Gani ya kori ji, sai dai ganin yana son tsari. Ka yi wa kanka takardar dubawa da ba ka sauya jerinta, ka fara daga waje. Tsaya a bakin titi ka dubi unguwar: hanyar da ta iso gidan, inda ruwan sama ke bi, abin da ke maƙwabtaka da shi. Sannan ka zagaya ginin kana awo. Sa ido a kusurwoyin tagogi da ƙofofi. Siririyar tsagewa a filasta ba abin tayar da hankali ba ce, amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga, ta fi faɗi a gefe ɗaya, tana iya nuna harsashin ginin ya motsa. A ciki ka ɗaga kai ka dubi silin, tabo mai ruwan ƙasa alamar yoyo ce. Ka shafa ƙasan bango da hannu, in fenti yana kumbura ko wani farin gari yana zuba, akwai danshi. Bango ɗaya da aka yi wa sabon fenti alhali sauran sun kwana biyu, ka tambayi dalili. Buɗe famfo, kunna makunnin wuta, tura kowace ƙofa ka ga ko tana cijewa.

Ɗauki hoton kowane ɗaki, har waɗanda kake ganin ba su da amfani. Kafin ka bar wurin, ka zauna minti goma ka haɗa awon: tsawon bangon gaba ya yi daidai da na baya? In akwai kuskure, tef na hannunka, ginin na gabanka. Minti goman nan ne ke hana ka asarar rabin yini a hanyar dawowa.

Tun kana wurin ka tambayi kanka ko amfanin da ake yi da kadarar yanzu shi ne mafi kyawunta. Ana auna wannan da abu huɗu: doka ta yarda, filin zai ɗauka, zai mayar da kuɗin da aka zuba, kuma ya fi sauran zaɓi riba. Tsohon ƙaramin gida a titin da ya koma na kasuwanci, wataƙila darajarsa duka tana cikin filin ne.

Nemo makamantansa, ka tantance su

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne nake roƙon kada a yi rowar lokaci. Cikin hanyoyi uku na kimantawa, hanyar kwatanta ciniki ita aka fi amfani da ita ga gidajen zama: ka nemo gidajen da aka sayar kwanan nan, kusa da naka, masu kama da shi a girma da shekaru. Uku shi ne mafi ƙaranci da aka saba nema, samun biyar ya fi kwanciyar hankali.

Farashin da aka sa a talla buri ne na mai gida. Abin da kake buƙata shi ne abin da aka biya. Ka tabbatar da shi daga wanda ya halarci cinikin, dillali ko lauya ko ɗaya daga cikin masu cinikin, sannan ka bi bayan labarin. Ɗan'uwa ne ya sayar wa ɗan'uwa? Bashi ne ya matsa wa mai gida ya sayar cikin mako guda? An haɗa da kayan ɗaki a cikin farashin? Maƙwabci ne ya biya fiye da ƙima don yana son faɗaɗa nasa? Kowanne daga cikin waɗannan ya saɓa wa ma'anar darajar kasuwa da muka ambata, kuma ciniki ɗaya irin wannan ya isa ya karkatar da rahoto gaba ɗaya.

Daga nan sai daidaitawa, kuma ƙa'idarta ɗaya ce da sababbin shiga ke yawan juyawa: farashin gidan da aka sayar ake gyarawa, ba a taɓa wanda ake kimantawa. In wancan ya fi naka, ka rage. In naka ya fi shi, ka ƙara. A ce an sayar da wani miliyan 50, ko da wane irin kuɗi ne, wata shida da suka wuce, kuma cinikayyar yankin ta nuna farashi na hawa kashi 6 cikin ɗari a shekara. Ka fara da gyaran lokaci, ka ƙara kashi 3, ya zama miliyan 51.5. Yana da gareji, naka ba shi da shi, kasuwa kuma na biyan kusan miliyan 2 a kan gareji, sai ka cire, ya rage 49.5. Wannan miliyan 2 ba daga kuɗin gina gareji za ka samo shi ba. Ka nemi gidaje biyu masu kama da juna da gareji kaɗai ya bambanta su, ka ga tazarar farashinsu. Mai gida yana iya kashe dukiya a kan ado da masu saye ba za su ƙara ko kwabo saboda shi ba.

Sauran hanyoyi biyu

Kadarar da ke kawo haya, da kuɗin shigarta ake auna ta. Ɗauki hayar shekara, a ce miliyan 12. Cire kashi 5 na ɗakunan da za su zauna babu kowa da hayar da ba za a biya ba, ya rage 11.4. Cire kuɗin gyara, haraji, inshora da kula da gida, a ce 3.4, ya rage 8. Ba a cire biyan bashin banki a nan, wannan matsalar mai gida ce. Raba 8 da yawan ribar da masu zuba jari ke karɓa a irin wannan kadara. In kashi 8 ne, darajar miliyan 100. In kashi 10 ne, miliyan 80. Dubi yadda tazarar maki biyu ta tafi da kashi ɗaya cikin biyar na darajar, shi ya sa dole wannan adadi ya fito daga ciniki na gaskiya.

Hanyar kuɗin gini kuwa ta fi dacewa da sabon gini, ko irin makaranta da asibiti da ba a cika sayarwa ba. Darajar fili, a haɗa da kuɗin gina irinsa yau, a cire raguwar daraja. Ginin da yanayinsa ya nuna shekara 15 cikin 60 da ake sa ran zai yi amfani ya rasa kashi 25. Ban da tsufa, akwai raguwar da mummunan tsari ke jawowa, da wadda ke zuwa daga waje, kamar masana'anta mai hayaƙi da aka kafa a gefe.

In ka sami adadi biyu ko uku, kada ka haɗa su ka raba. Ka ba hanyar da hujjarta ta fi ƙarfi nauyi mafi yawa, ka rubuta dalilinka yadda wanda bai taɓa ganin gidan ba zai bi ka har ya iso inda ka tsaya.

Yadda za ka tsara makonka

Ziyara da rubutu ba sa son zama a yini ɗaya a cakuɗe. Ware ranakun fita, ka jera gidajen da ke yanki ɗaya a rana guda. Ware safiyar wasu ranaku don nazari da rubutu, waya a kashe, saƙonni su jira har lokacin da ka sa musu. Kiran tantance farashi kuwa ka fara shi ranar farko, domin shi kaɗai ne ɓangaren da saurinsa ba a hannunka yake ba. Dillalin da ka kira yau wataƙila sai jibi zai amsa.

Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana a 1979 cewa mutane kan raina lokacin da aiki zai ci, ko da sun sha yin irinsa. Maganinsa shi ne rubutu. Ka riƙa rubuta awannin da kowane aiki ya ci a zahiri, sannan ka yi alkawari da wannan lissafi, ka ƙara kwana ɗaya na abin da ba a zata ba. In ka hango jinkiri, ka sanar tun da wuri.

Samfurin rahoto da aka tanada yana rage wahala sosai, amma yana da tarko: adireshin gidan jiya ko sunan wani ya maƙale a shafi na bakwai. Saboda haka kada ka aika rahoto a daren da ka gama shi. Bar shi ya kwana, da safe ka bi adadi ɗaya bayan ɗaya kana gwada shi da takardar ziyara. Bayan ka miƙa, ka adana hotuna, awo da sunayen waɗanda suka tabbatar maka da farashi a fayil guda. A ƙarƙashin USPAP ana ajiye irin wannan fayil aƙalla shekara 5, a wasu ƙasashen wa'adin ya bambanta, sai ka duba na inda kake aiki. Kowane cinikin da ka tantance kuma ka shigar da shi a ranar cikin rajistar cinikayya da ka buɗe wa kanka, da kwanan watansa, girman ginin, farashinsa da sharaɗin da aka yi shi a kai, domin aikin gaba a wannan yanki daga nan zai fara.