Darasi na 9: Tafiyar bitamin A daga akushi zuwa ido

Yaro ya wuni yana wasa lafiya lau, amma magariba na yi sai ya kama lalube yana tuntuɓe. Dundumi ke nan, kuma sau da yawa ƙarancin bitamin A ke kawo shi.

Jikinmu ƙananan ƙwayoyi ne jere kamar tubalin gini, ido ba ya ganinsu. Bitamin A da muka ci, hanta ce rumbunsa. Dangin mai ne, ba ya gauraya da ruwa, saboda haka ba ya bin jini shi kaɗai. Hanta kan haɗa shi da ɗan rakiya, wani sinadari da ke goya shi har ƙofar ƙwaya, na ciki su karɓe shi.

A can cikin ido, bitamin A yakan manne da wani sinadari, ya zauna a lanƙwashe. Haske na taɓa shi sai ya miƙe, miƙewar nan ce ke tura saƙo ƙwaƙwalwa. In ya yi ƙaranci, ganin dare ke fara tafiya.

A sauran ƙwayoyi kuwa, sai an sauya masa kama, sannan ya shige ƙurya inda umarnin halitta yake ajiye. Akwai wasu sinadarai masu jiransa a can. Da ya riƙe su sai su buɗe umarnin, ƙwaya ta san aikinta: cikin maƙogwaro, huhu da hanji su zauna da laima, jiki ya iya kokawa da ƙyanda da zawo. Sai a 1987 masana a Faransa da Amurka suka gano masu jiran nan, alhali tun tuni likitocin gargajiya na ƙasashe da yawa ke ba mai dundumi hanta.

Mu a Maraɗi ba mu da uzuri sosai. Ga zogalen Jiratawa, ga karoti, mangwaro, ƙwai da man shanu. Amma ganye gaya ba ya wadatarwa, sai da maiƙo hanji ke tsotse amfaninsa. A sa ƙuli-ƙuli da man gujiya a kwaɗo.

Yaro daga wata 6 zuwa 11 ƙwayar maganin bitamin A shuɗiya ake ɗiga masa a baki, daga shekara 1 zuwa 5 ja, duk bayan wata 6. Mai ciki kada ta kuskura ta sha ta yara. Yawansa na iya naƙasa ɗan da ke ciki.

Aiki: rubuta abin da yaronki ya ci jiya, ki ja layi ƙarƙashin mai bitamin A.