Yadda na samu barci daga kiɗan maƙwabcina

Wata uku ba na runtsawa a gidanmu na Sabon Gari, nan Damagaram. Ɗan maƙwabcina ya kafa fada, wato wurin hirar samari, jikin katangata, shayi da kiɗa har ƙarfe 2 na dare.

Na toshe kunne da auduga, a banza. Na ɗaga murya ta kan katanga, suka ƙara sauti. Har na yi shirin zuwa wurin mai unguwa, sai matata ta buɗe mini Littafi Mai Tsarki, Matiyu 18:15: a fara samun mutum shi kaɗai.

Kwana 7 ina yi wa yaron addu'a da sunansa, ina rufewa da Zabura 4:8, ayar da ke maganar barci cikin salama. Daren farko addu'ar duk ƙara ce nake kai wa Ubangiji, ba na ɓoyewa. Ran na takwas na je da la'asar, kafin abokansa su taru, riƙe da ganyen shayi da sukari. Na ce, "Ɗana, abu biyu nake roƙo. Juya lasifikar ta kalli titi, ƙarfe 10 kuma a rage."

Ya ce, "Baba, ashe ɗakinku ne nan bayan?" Bai ma sani ba!

Sati uku ke nan ina barci. Na gode wa Allah, da uwargida.