Yadda ake riƙe kujerar amintacce a ƙungiyar ƙwallon yara ta unguwa

Yawancin waɗanda suka shiga kwamitin amintattu na ƙungiyoyin ƙwallon yara a unguwanninmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, ba su ne suka nemi kujerar ba. Bayan sallar la'asar wani dattijo zai riƙe hannunka a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, yaran nan suna bukatar mutum irinka a bayansu," kai kuma nauyin bakinsa ya hana ka musawa. Ni ma haka na shiga, kuma abin da zan fara gaya wa duk wanda aka yi wa irin wannan tayi shi ne ya nemi a ba shi mako guda kafin ya amsa, ya yi amfani da makon wajen ganin abubuwa uku da idonsa: tsarin mulkin ƙungiyar, da takardar rajistarta, da littafin da ake rubuta shigar kuɗi da fitarsu. Idan an kawo su, ka zauna ka karanta su a tsanake. Idan kuwa aka yi ta ce maka suna hannun wane, wane kuma ya yi tafiya, to ka san aikin da za ka fara da shi ke nan in ka karɓa.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne aikin na sa kai ne, ba a biyan ka ko sisi, amma nauyinsa na doka ne. A Gana akasarin ƙungiyoyin taimakon al'umma suna yin rajista ne a ofishin magatakardan kamfanoni, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019 mai lamba 992, a matsayin kamfanin da ba shi da hannun jari, wanda mambobinsa ne ke tsaya masa lamuni, kuma ba a raba ribarsa ga kowa. Irin wannan kamfani yana bukatar daraktoci aƙalla biyu, da sakatare, da mai binciken kuɗi, kuma dole ya riƙa miƙa rahotonsa na shekara. Akwai kuma tsohuwar dokar amintattu ta 1962 mai lamba 106, wadda wasu ƙungiyoyin addini da na ilimi da na wasanni suka bi ta kanta. Bayan rajistar kamfani akwai lasisin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar kula da mata da yara da walwalar jama'a, sannan sauƙin haraji sai an nema daga hukumar haraji ta ƙasa, GRA, ta amince, ba ya zuwa da kansa don kawai kun kira kanku masu aikin alheri. Da zarar sunanka ya shiga waɗannan takardu, kai za a tambaya idan rahoto ya makara ko kuɗi suka ɓace, ko da ba ka taɓa riƙe su ba.

Daga nan sai ka san iyakar aikinka. Koci shi ke zaɓen wanda zai buga da wanda zai zauna a benci, kuma amintaccen da ya fara tsayawa bakin fili yana ba da umarni ya rage wa kocin kwarjini a idon yara, alhali bai ƙara wa ƙungiyar komai ba. Naka shi ne kuɗi, da takardu, da lafiyar yara da mutuncinsu, da tabbatar da cewa abin da aka kafa ƙungiyar dominsa shi ake yi. Mu a wurinmu manufar a rubuce take, wato a riƙe yara da ƙwallo don su zauna a makaranta, saboda haka yaron da ya daina zuwa aji ko ya yi watsi da makarantar allo ana dakatar da shi daga atisaye har sai mun zauna da iyayensa, kuma 'yan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ana rage musu wasa idan jarrabawar BECE ta gabato.

Batun kuɗi shi ne inda zumunci ya fi lalacewa, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Lokacin da na shiga, duk gudummawar da 'yan unguwarmu mazauna Jamus da Amurka suke aikowa tana faɗawa ne a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, na koci. Mutumin kirki ne, kuma na tabbata abin da ya kashe wa yaran daga aljihunsa ya fi abin da ya shigo, amma kuɗin cefanen gidansa da kuɗin ƙwallaye suna cikin jaka ɗaya. Ranar da wani Alhaji ya dawo hutu ya tambayi inda kuɗin rigunan da ya aiko suka shiga, kocin ya tsaya yana jan allon waya sama da ƙasa, gumi na tsattsafo masa a gaban yaran da yake koyarwa, ya kasa ware wanne ne wanne. Bai ci komai ba, amma maganar ta zaga unguwa kafin magariba, kuma sai da aka yi watanni kafin ta kwanta. Laifin namu ne na kwamiti, domin mu muka bar shi da kayan da bai kamata ya ɗauka shi kaɗai ba.

Gyaran ba shi da wuya. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, a sa sharaɗin cewa kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu daga cikin uku, kuma kada biyun su zama 'yan gida ɗaya. A yi wa ƙungiya layin MoMo nata na kanta. Duk abin da aka saya a karɓo rasit, inda kuma ba a ba da rasit, kamar kuɗin motar haya ta trotro zuwa wasan waje ko ruwan leda ko waken da aka saya wa yara bayan wasa, a rubuta a ƙaramar takarda da kwanan wata, wanda ya kashe da wanda ya shaida su sa hannu. Ma'aji ya karanta lissafi a kowane zama, kai kuma ka nemi ganin takardar banki da kanka ka gwada ta da littafin. Wasu za su ga kamar rashin yarda ne, sai ka tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa masa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin. Kuɗin da aka bayar don wani abu takamaimai, a ce takalma, ba a karkatar da su zuwa wani abu sai da izinin mai bayarwa. Idan kuma ƙaninka ne ke ɗinka riguna ko surukinka ke da motar haya, ka faɗa a gaban kwamiti, a rubuta, ka fita waje har a gama yanke shawara.

Abu na biyu da zan daɗe a kai shi ne rajistar yara, wadda mutane da yawa ke ɗauka aikin sakatare ne kawai. Ƙungiyar da ke son shiga gasar yara ta Colts tana bi ta hukumar ƙwallo ta gunduma da ta jihar Ashanti, waɗanda ke ƙarƙashin GFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Gana, kuma kowane yaro yana samun kati a tsarin rajista na hukumar. Wannan kati dukiya ce. A ƙa'idar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tun daga shekara 12 har zuwa 23, kuma akwai diyyar horarwa da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris wanda irin waɗannan kuɗi ke bi ta cikinsa, kuma abin da yake dubawa shi ne tarihin rajistar ɗan wasan da ke cikin kwamfuta. Ƙungiyar da ta ciyar da yaro shekara biyar ba ta yi masa kati ba, ba ta da abin da za ta nuna, ko da duk unguwa za ta yi rantsuwa a kai. Ɗan wasan Gana Mohammed Kudus ya taso ne a unguwar Nima ta Accra, ya fara da ƙungiyar unguwa mai suna Strong Tower kafin makarantar Right to Dream ta ɗauke shi, daga can ya wuce Nordsjaelland a Denmak a 2018, sannan Ajax a 2020, sannan West Ham a 2023. Ba kowace ƙungiya ce za ta fitar da irinsa ba, kuma kada a gina kasafin kuɗi a kan wannan fata, amma babu wanda ya san wane yaro ne a cikin masu gudu babu takalmi a filin makaranta, shi ya sa ake yi wa kowa kati.

A nan ne jarrabawar rage shekaru take zuwa. Za a zo maka da yaro mai shekara 17 a ce a rubuta 14, a kuma ce kowa haka yake yi. Ka ƙi, kuma ka ƙi tun a karon farko, domin na biyu ya fi wuya. Ka dogara da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da rajistar makaranta, ka ajiye kwafinsu. FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar hoto ta MRI don gano shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17 tun 2009, kuma yaron da aka kama a wannan mataki shi ke ɗaukar kunyar, waɗanda suka rubuta ƙaryar suna gida. Banda haka, ƙato a cikin ƙanana yana karya su, yana kuma tare gurbin wanda ya cancanta.

Masu zuwa da sunan dillalan 'yan wasa su ma hakkinka ne ka tsaya tsakaninsu da iyaye. Sashe na 19 na ƙa'idar FIFA kan sauya sheƙa ya hana kai yaron da bai kai 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, in banda wasu 'yan yanayi ƙayyadaddu, kamar idan iyayensa sun ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 gwaji Turai idan aka biya kuɗin biza da jirgi, ka nemi lasisinsa ka tabbatar da shi a wurin GFA, ka nemi takardar gayyata ka tuntuɓi ƙungiyar da aka ce ta aiko ta. Na taɓa zama da wata uwa mai sayar da koko da ƙosai wadda ta riga ta karɓi kuɗin adashinta ta ƙulle a bakin zane za ta miƙa. Na ce mata, "Hajiya, ki ba ni kwana uku, in gaskiya ne da kaina zan raka ki." Da muka nemi mutumin ya kawo lasisi, wayarsa ba ta sake shiga ba. Yaron ya yi fushi da ni har tsawon damina guda, ya daina gaishe ni, kuma na fahimce shi, domin a ganinsa ni na rufe masa ƙofa.

Dokar yara ta 1998 mai lamba 560 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma ta sa maslaharsa a gaba da komai. A aikace ma'anar wannan ita ce kwamiti ya rubuta ƙa'idoji kaɗan waɗanda kowa zai iya haddacewa. Babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, yaro ba ya kwana a ɗakin koci, ba a duka, kuma ba a tafiya wasan waje sai da izinin iyaye a rubuce da manya aƙalla biyu. Idan akwai 'yan mata a ƙungiyar, mace babba ta kasance a kowane atisaye da kowace tafiya, kuma ya kamata a samu mata a cikin kwamitin kansa, domin akwai maganar da yaro ko yarinya ba za su taɓa faɗa wa Alhaji ba amma za su faɗa wa Anti. Idan ƙorafin cin zarafi ya zo, a dakatar da wanda ake zargi daga hulɗa da yara nan take, a kai maganar ga sashen 'yan sanda na DOVVSU mai kula da cin zarafi a gida, ko jami'an walwalar jama'a. Na san al'adarmu ta son a kashe magana a zaure don rufin asiri, kuma tana da amfani a rigingimu da yawa, amma wannan ba ya cikinsu. Hotunan yara ma kada a sa su a Facebook ko TikTok sai da yardar iyaye.

A farkon kowace kakar wasa ka duba katin inshorar lafiya na NHIS na kowane yaro, ka ga ko yana aiki, domin a ƙofar asibitin Komfo Anokye da karyayyen hannu ba wurin gano cewa kati ya mutu ba ne. A tanadi akwatin agajin gaggawa da lambobin iyaye a takarda. A watan azumi a mayar da atisaye bayan shan ruwa ko a sassauta shi ƙwarai.

Fili kuma a nemi izininsa a rubuce, daga shugaban makaranta ne ko daga majalisar ƙaramar hukumar Asokore Mampong, domin alkawarin baki yana tafiya tare da wanda ya yi shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Ku kai gaisuwa ga sarakunan Zango da limamai, ku sanar da su abin da kuke yi. 'Yan siyasa za su kawo riguna da kofi, musamman a shekarar zaɓe da lokacin gasar Sallah. A karɓa a rubuta a yi godiya, amma kada rigar yara ta ɗauki alamar jam'iyya, domin iyayensu suna kowane ɓangare. Asusun raya Zango da aka kafa da doka mai lamba 964 a 2017, da kamfanoni da ofisoshin jakadanci masu ba da tallafi, duk abin da za su fara tambaya shi ne rajista da lissafin da aka bincika, wato takardun nan da ka nema a makonka na farko.

Ku riƙa zama aƙalla sau ɗaya a wata uku, a rubuta abin da aka yanke da wanda aka ɗora wa kowane aiki, sannan sau ɗaya a shekara a tara iyaye a karanta musu lissafi da Hausa da Twi yadda kowa zai ji. Idan tsarin mulkinku bai sa wa'adi ba, ka kawo shawarar a sa, shekara uku ko huɗu, sau biyu. Tun shekara guda kafin naka ya cika ka jawo wani matashi daga tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar ya riƙa zama kusa da kai yana ganin yadda ake cike takardu. Ranar miƙa aiki ka ba shi fayil ɗin rajista, da katunan yara, da littafin kuɗi, da lambobin sirri na imel, ku je banki tare a sauya sa hannu, sannan a sanar da ofishin magatakardan kamfanoni a rubuce cewa an cire sunanka an sa nasa.